Yaronmu ya je caji ofis da ƙafarsa: cin amana ya yi ko nauyi ya sauke?

Koci: Assalamu alaikum jama'a. Maganar nan ta hana ni barci daren jiya, shi ya sa na kawo ta nan mu yi ta a tsanake, ba irin yadda ake yin ta a bakin tasha kowa na ɗaga murya ba. Duk kun san yaronmu mai lamba 8, wanda wata ƙungiya a birni ta ɗauka bara take biyansa albashi. Ba zan kama sunansa ba, don Allah kada wani ma ya kama. Ranar Talata 'yan sanda suka kira shi a waya saboda abokinsa na ƙuruciya da aka kama da wayoyin sata da babur ɗin wani ɗan acaɓa. Da aka buɗe wayar abokin sai ga hotunansu tare, ga kuɗin da yaronmu ke tura masa duk ƙarshen wata. Ita kanta wayar da ke hannun yaronmu, abokin ne ya ba shi da Babbar Sallah. Bai ɓuya ba. Ya nemi izini a wajen ƙungiyarsa, ya hau mota ya zo caji ofis, ya ajiye wayar a kan tebur, ya faɗi ranar da aka ba shi da inda aka ba shi. Aka rubuta, ya sa hannu, aka sallame shi. Jiya da dare ya shigo gidan kallo, benci guda shi kaɗai ya zauna a kai. Samari suka gwammace su tsaya a jikin zana har aka tashi wasa. Daga baya na ji wani ya ce "infoma". Ni na koya wa yaron nan tsayar da ƙwallo da ƙirji, kuma na ga yadda idonsa ya yi da ya ji kalmar nan. Ku faɗa mini, abin da ya yi cin amana ne?

Mai Shayi: Wa alaikumus salam. Koci, da girmanka da komai, amma ni a wajena cin amana ne. Ka manta wanda ya sayar da tantabarunsa kakaf a kasuwar Gujungu don ya haɗa masa kuɗin motar zuwa gwaji Kano? Wanda aka kama ɗin nan ne. Shi ne yake zama a nan gaban teburina da zaren dukanci yana ɗinke masa takalmin ƙwallo idan ya yage. Ba na cewa sata abu ne mai kyau. Amma da ya ce a kasuwa ya sayi wayar, ai da maganar ta mutu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Mai Gidan Kallo: Ni na ga abin da Koci ya faɗa da idona, ina bakin janareto. Wallahi raina bai yi daɗi ba.

Ɗan Inter: Yaya Mai Shayi, ka yi haƙuri in ba ka labarin ƙungiyata, don kusan irin wannan ya faru da mu. A watan Satumba na 2024 hukuma a Milan ta kama mutum 19 daga cikin shugabannin riƙaƙƙun magoya bayan Inter da AC Milan, waɗanda ke zama a bayan raga a San Siro. An zarge su da mamaye cinikin tikiti da wurin ajiye motoci da rumfunan abinci na bakin filin, kuma aka ce ɓangaren Inter na da alaƙa da 'Ndrangheta, gungun miyagun nan na yankin Calabria. Abin da ya ƙara tona asirin shi ne a farkon wannan watan shugaban magoya bayan Inter, Andrea Beretta, ya kashe Antonio Bellocco, ɗan wani gida na gungun. Sai masu bincike suka gayyaci ɗan wasanmu Calhanoglu da kocinmu na lokacin Simone Inzaghi da mataimakin shugaban ƙungiyar Zanetti. Ba a matsayin masu laifi ba, a matsayin waɗanda suka san wani abu. Inzaghi ma an riga an naɗi muryarsa a waya suna neman ya sa baki a ƙara musu tikitin wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai na 2023 a Istanbul. Duka suka je suka amsa tambayoyi. A watan Mayu na 2025 hukumar ƙwallon Italiya ta dakatar da Inzaghi da Calhanoglu wasa ɗaya ɗaya tare da tara, saboda hulɗar da doka ta hana. Iyakarta ke nan. Da sun yi ƙarya, ga murya a naɗe, ga saƙonni a waya, ina za su sa kansu? Haka yaronmu. Hotuna na nan, shaidar tura kuɗi na nan. Ƙaryar "a kasuwa na saya" kwana nawa za ta yi?

Mai Shayi: Waɗancan ba tare suka tashi ba. Calhanoglu bai ci tuwo a kwano ɗaya da su ba.

Ɗan Madrid: To ga wanda suka ci a kwano ɗaya. Benzema ne, kuma duk garin nan an san yadda nake son shi. A 2015 abokinsa na ƙuruciya, wanda suka tashi unguwa ɗaya a wajen Lyon, ya roƙe shi ya yi wa Valbuena, abokin wasansa a tawagar Faransa, magana a kan wani bidiyo da wasu ke so su tatsi kuɗi da shi. Ya je ya yi maganar a sansanin 'yan wasan Faransa. Me ya biyo baya? Fiye da shekara biyar ba a kira shi tawagar ƙasa ba. Aka yi gasar Turai ta 2016 a gidansu yana kallo, aka ɗauki kofin duniya na 2018 babu shi. A Nuwamban 2021 kotu a Versailles ta same shi da hannu a yunƙurin, ta ba shi ɗaurin shekara guda na je-ka-gyara-halinka da tarar yuro 75,000. Mutumin da ke ɗaukar miliyoyi ba kuɗin Valbuena yake nema ba. Kunyar aboki ce ta kai shi. Ita ce kuma kake so yaronmu ya ji.

Tsohon Gola: Ku yara ba ku riski Higuita na Kolombiya ba, mai bugun kunama a Wembley a 1995. Saboda shi na fara tsayawa a raga. A 1993 ya shiga tsakani aka sako wata yarinya da aka sace, ya karɓi kuɗi, bai sanar da hukuma ba. Wata bakwai ya yi a tsare, kofin duniya na 1994 ya wuce shi. Kafin nan an gan shi ya kai wa Pablo Escobar, ƙasurgumin dillalin hodar iblis, ziyara a kurkuku. Shi a ganinsa alheri ya yi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ɗan Acaɓa: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Kowa na maganar yaron da abokinsa, ba wanda ya ambaci mai babur ɗin. Ni an taɓa ƙwace mini nawa, shekara biyu da suka wuce, bayan sallar Isha a hanyar dawowa daga kasuwa. Fasinja ne ya ce in tsaya zai kama ruwa, sai biyu suka fito daga cikin gero. Saran da aka yi mini a hannun hagu har yau ba na iya damƙe kan babur da kyau idan ana sanyi. Babur ɗin na bashi ne, saura wata biyar in gama biya, kuma sai da na biya ɗin, na sayar da akuyoyin matata guda uku. Makullin yana nan a aljihun tsohuwar rigata, na kasa yar da shi. A lokacin akwai waɗanda suka san inda aka kai babur ɗin, na tabbata, don daga baya magana ta fito. Ba wanda ya buɗe baki, kowa na tsoron a ce masa munafuki. Yaya Mai Shayi, kana ba ni shayi bashi a kwanakin nan, ka ga halin da na shiga. Shirun da aka yi mini shi kake kira amana?

Mai Shayi: Allah ya sani na tausaya maka, ƙanena, kuma har yanzu ina tausaya maka. Ban da amsar wannan.

Kawu Manomi: Salamu alaikum. Ɗana ne ya karanto mini, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa. Wanda aka kama ɗan ƙanwata ne, a hannuna ya tashi tun rasuwar ubansa. Ba zan ce bai yi ba. Mun ga canji a tare da shi tun bara, sabon takalmi, waya kala-kala, alhali ba gona ba sana'a. Na yi faɗa har na gaji. Ni ban ce yaronku ya yi ƙarya ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne da ya ce a zaurena aka ba shi wayar, a daren aka zo gidana da mota, aka birkice ɗakuna, har buhunan gero aka soke ana neman kaya. Ba a sami komai ba. Sai aka tafi da ƙaramin ƙanensa, ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, wai sai ya faɗi inda sauran abokan yayansa suke. Kwana ya yi a can. Da safe sai da dagaci ya sa baki kuma na ranci kuɗi kafin a ba ni shi. Yaron nan tun da ya dawo ba ya cin abinci sosai, in ya ji ƙarar mota sai ya shige ɗaki. Da yaronku ya biyo ta wajena kafin ya tafi, ya ce Kawu ga abin da ake ciki, da ni da kaina zan raka shi. Ni ma ubansa ne. A kan tabarmata ya yi barci ba sau ɗaya ba.

Koci: Kawu, Allah ya ba ka haƙuri. Wallahi ban san an tafi da ƙaramin ba sai yanzu. Laifin rashin zuwa wajenka nawa ne, don ni ya fara kira, ni na ce ya wuce kai tsaye kada a ce ya je haɗa baki.

Ɗalibin Lauya: Baba, Allah ya huci zuciyarka. Abin da aka yi wa ƙaramin nan doka ba ta yarda da shi ba. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, sashe na 7, ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita haka. Beli ma kyauta ne, a rubuce yake a bangon ofisoshinsu da yawa. Wannan kuskuren waɗanda suka zo gidanka ne, ba na wanda ya ba da shaida ba. Game da shi yaronmu kuwa, ina so samarinmu su fahimci wani abu. A dokar Penal Code da muke aiki da ita a Arewa, riƙe kayan sata laifi ne idan ka sani, ko kana da dalilin da zai sa ka yi zaton na sata ne. Ranar da aka ba shi wayar mai yiwuwa bai sani ba. Amma daga lokacin da aka kira shi aka gaya masa, ya sani. Da ya ɓoye ta ko ya jefa ta rijiya, ya tashi daga mai shaida ya koma wanda ake tuhuma, kuma ɓoye mai laifi ma laifi ne mai zaman kansa. Abu ɗaya da na so a ce an yi: kada ya tafi shi kaɗai. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda aka tsare damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Ba da haɗin kai daban, sa hannu a takardar da ba ka karanta ba daban. Koci, ka tambaye shi ko an karanta masa abin da aka rubuta kafin ya sa hannu.

Koci: Na tambaye shi yanzu. Ya ce da Turanci aka rubuta, wani ya fassara masa a tsaitsaye.

Ɗalibin Lauya: To idan aka sake kiransa, ko aka kai maganar kotu, a sanar da ni tun da wuri. Zan roƙi wani babba da nake koyon aiki a wajensa ya raka shi.

Sajan Mai Ritaya: Na yi shekara 35 da kaki, ba zan kare abin da aka yi a gidan Kawu ba. Aikin ganganci ne, kuma shi ne yake sa gobe in an nemi shaida kowa ya toshe bakinsa. Amma ku ji ta ɓangarenmu ma. Mai bincike ba duba yake yi ba, da abin da mutane suka faɗa masa yake aiki. Ku tuna mahaifin Mikel Obi. A Jos aka sace shi a watan Agusta na 2011, a nan Kano 'yan sanda suka gano shi bayan kusan kwana goma. A 2018 aka sake sace shi a hanyar Inugu, aka kira Mikel sa'o'i kaɗan kafin wasanmu da Ajantina a Rasha, aka ce in ya gaya wa hukuma za a harbe tsohon. Ya shiga fili da wannan a ransa, yana kyaftin, bai faɗa wa ko abokan wasansa ba, aka ci mu 2 da 1. Bayan kwanaki 'yan sanda suka kuɓutar da shi a daji. Ɗan ƙwallo da ya yi suna, ko ya so ko bai so ba, idon miyagu na kansa. Wasu su zo da bindiga, wasu su zo da fuskar abota. Ko 'yan Kano Pillars ba su tsira ba, a Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motarsu wuta a hanyar zuwa Owerri, aka raunata 'yan wasa biyar. Ranar da abu irin wannan ya same ka, shaidar wani za ka nema.

Ɗan Manchester: Baba Sajan ya tuna mini da Pogba. Shi abokan ƙuruciyar ne ma suka juya masa. A Maris na 2022 suka kai shi wani gida a wajen Paris, wasu biyu da fuska a rufe suka nuna masa bindiga, aka ce ya biya yuro miliyan 13, wai ladan tsaron da suka yi masa shekara da shekaru kuma ya yi arziki ya manta da su. Ya ce ya ba da 100,000 don a ƙyale shi, ba a ƙyale shi ba. Sai da ya kai ƙara. A Disamban 2024 kotu a Paris ta hukunta mutum shida, har da yayansa Mathias uwa ɗaya uba ɗaya, wanda aka yanke wa shekara uku, biyu daga ciki na je-ka-gyara-halinka. Kalmar da suka yi ta jifansa da ita ita ce dai wadda nake ji a garin nan tun jiya: mun yi maka a baya, ka ci amanarmu.

Mai Shayi: Kada ka haɗa. Wanda aka kama bai taɓa nuna wa yaronmu ko allura ba. Kyauta ya ba shi.

Ɗan Manchester: Na yarda, Yaya. Amma kyautar da kayan wani ya yi ta, kuma ya san in ta fashe hannun wa za a same ta.

Ɗan Inter: Kuma a daina cewa duk ɗan ƙwallon da 'yan sanda suka kira mai laifi ne, don na ji har an fara cewa za a kore shi daga ƙungiya. Mai laifi irin su Quincy Promes ne na Holan, wanda kotu ta yanke wa shekara shida a Fabrairun 2024 a kan shigo da hodar iblis fiye da kilo 1,300 ta tashar ruwan Antwerp. Shi bai ma halarci shari'ar ba, yana Rasha yana buga wa Spartak. Wanda ya gudu da wanda ya kawo kansa ba ɗaya ba ne.

Malam: Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma na ji zafin kowa. A ƙarshen Suratul Baƙara, aya ta 283, Allah ya hana ɓoye shaida, ya ce wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. A Suratun Nisa'i, aya ta 135, an umarce mu da tsayar da adalci ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi. Don haka wanda ya kira yaron nan munafuki saboda ya faɗi abin da ya gani, ya ji tsoron Allah ya janye. Amma ban wanke shi tas ba, kuma zan faɗa masa a gabansa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ka taimaki ɗan uwanka ko shi ne azzalumi, aka tambayi yadda za a yi, ya ce ka hana shi zaluncin. Mutumin da kake tura wa kuɗi duk wata don ba shi da ko sisi, ya wayi gari ya ba ka wayar da albashinka na wata biyu ba zai saya ba, ba ka tambaye shi daga ina ba? Nan ne ya gaza wa abokinsa, ba a caji ofis ba. Mu ma mun gaza. Kawu ya yi ta faɗa shi kaɗai, mu muna gani muna cewa Allah ya shirya. Sannan shaida ba ta yanke zumunci. Tantabarun da Mai Shayi ya ambata bashi ne a wuyansa har yanzu. Ya kai masa abinci inda yake tsare, ya duba uwarsa, in an kai kotu ya taimaka da kuɗin lauya gwargwadon hali.

Mai Shayi: Allah ya gafarta Malam, in ya yi wannan zan riƙe bakina. Amma ba zan ɓoye ba, zuciyata ba ta gama saukowa ba. Yaran nan biyu a gabana suka girma, kofi ɗaya nake zuba musu su raba.

Mai Gidan Kallo: Ni dai daga yau duk wanda ya sake furta kalmar nan a cikin gidan kallona, zan mayar masa da kuɗinsa ya fita. Akwai kuma abin da ba a taɓo ba. Sauran abokan wanda aka kama ba a same su ba, kuma sun san wanda ya yi magana. Yaron nan a ɗakin soro yake kwana shi kaɗai, ƙofar ko sakata mai kyau ba ta da ita.

Sajan Mai Ritaya: Wannan ita ce maganar da ta fi damuna. Kada ya ƙara kwana a soron. Ya dawo gidana har ranar da zai koma birni, kuma zan yi wa shugaban 'yan sintiri magana yau. Koci, ka gaya masa ya daina fita bayan Isha, ya kuma bar amsa lambar da bai sani ba.

Koci: Na gode, Baba Sajan. Yanzu muka gama waya da shi, kuka yake yi da ya ji labarin ƙaramin. Ya ce yana so ya zo ya durƙusa a gaban Kawu amma yana jin nauyi. Malam, in ka amince mu je tare, ni da kai da shi, mu biya ta wajen mai unguwa tukuna. Kawu, yaushe za mu same ka?

Kawu Manomi: Ku zo bayan Magariba, da la'asar ina gona muna ɗaurin gero. Kada ku taho da samari da yawa, uwar wanda aka kama tana nan gidana kwance, tun ranar Talata jininta ya hau. Ku shigo ta ƙofar baya.